Gumin Bangon Madatsa

Wata ranar Talata, da misalin ƙarfe bakwai na safe, mako shida bayan ɗaukewar damina, wata mai ginin tukwane ta sauka gindin madatsar ruwa da jarkokinta biyu, kamar yadda ta saba shekara da shekaru. Ƙasarsu ƙasa ce mai ƙishirwa, wata uku ake ruwa, wata tara ana kallon sama. Madatsar nan ce ta raba su da zaman jira. Ruwan da ta tare yana faɗawa kan injina ya juya su, gari ya samu lantarki, daga nan ya bi magudanai ya shayar da albasa da alkama har tsakiyar bazara. Bangonta kuwa ba siminti ba ne, tudun ƙasa ne da duwatsu, an danƙare cikinsa da yumɓu. A gindinsa akwai wani bututu da ke tsiyayar da ɗan ruwan da ya ratso bangon. Ma'aikata suna ce masa gumi, suna kuma cewa bangon da ke gumi lafiyarsa ƙalau, muddin gumin garau yake. Da shi matar take kwaɓa yumɓunta, don ta ce ya fi ruwan rijiya daɗin hannu.

To ran nan sai ta tarar ruwan ya yi jaja-jaja, kamar an ɗauraye ƙwaryar kunun kanwa. Ta ɗiba a tafinta, ta murza, ta ɗanɗana da bakin harshe. Ta san wannan yumɓu kamar yadda ta san muryar 'ya'yanta. Na kududdufin mahaifiyarta ne, wanda manyan motoci suka kwashe tas tun tana yarinya, aka zuba a cikin bangon nan. In har yumɓun ya fara biyo ruwa yana fitowa, to bango ne ke cin kansa daga ciki, kuma gidanta da garin duka a ƙasansa suke kwance. Ta bar jarkokin ta hau wajen mai gadin ƙofar ma'aikata, ta faɗa masa. Ya yi hamma ya ce, "Iya, shanu ne suka dama shi." Ta ce, "Ashe shanun garinku cikin bututu suke kiwo, ɗan nan?" Ya yi dariya har da buga cinya, amma da ta nemi ganin injiniyan madatsar, sai ya ce ba ya ganin kowa sai da takarda.

Ba ta ja da shi ba. Mai ginin tukwane ta san abu ba ya tsayuwa sai an bar shi ya kwanta. Ta koma ta yi sawu huɗu, ta cika manyan robobinta da ruwan bututun, ta ajiye su a inuwa. Da azahar ta tsiyaye ruwan sama a hankali, ta kwalfe lakar da ta kwanta, ta matse ta a tsumma, ta samu curi ɗaya da bai fi cikin tafi ba. Da shi ta gina 'yar tukunya kamar ƙwan zabuwa, har da baki da wuya da ɗan zane. Da la'asar ta dawo ta ce wa mai gadi tsaraba ta kawo wa injiniya, shi kuwa bai taɓa jin an nemi takarda a wajen tsaraba ba, sai ya buɗe mata. Injiniya ya ɗauki 'yar tukunyar yana juyawa yana murmushi, ya ce, "Iya, wa za a yi wa girki a nan, ɓera?" Ta ce, "Ba ta girki ba ce, ranka ya daɗe. Bangonka ne na kawo maka, ɗan abin da ya fito daga safe zuwa azahar. In randa kake so, ka dakata sai mako mai zuwa."

Murmushin ya tsaya masa a fuska. Ya zura takalman aiki ya bi ta har gindin bango, ya tari ruwan a kofin gilashi, ya ɗaga shi ga rana. Kafin magariba an aika wa ƙauyukan da ke bakin kogi su janye injinan ban ruwa da dabbobinsu, sannan aka ɗan ɗaga ƙofofin sakin ruwa na madatsar, aka kuma tayar da injinan lantarki gaba ɗaya don tafkin ya ragu. Kwana tara garin bai ga ɗaukewar wuta ba. Masu niƙa suka niƙe har hatsin da ba a yi niyya ba, masu ƙanƙara kuwa suka rasa inda za su kai ta. Da ruwa ya ja baya kamar tsayin mutum biyu, sai ga gidan gara ya bayyana a jikin bangon, da hanya mai kaurin damtse da ta shige ciki. Aka tone shi, aka cike da sabon yumɓu, matar ce ma ta zaɓa musu kududdufin da za a ɗebo. Gumi ya koma garau, albasa ta sha ruwanta har bazara, 'yar tukunyar kuma an gasa ta, tana nan kan teburin injiniya.

Da ma Hausawa sun ce, ruwa ba ya tsami banza.