Mahaɗa a Cikin Teku

Layukan biyu sun haɗu a cikin teku.

Malamar lissafi ce ta zana su a kan taswirar Libreville, layi ɗaya daga gidan kowane ɗaya cikin yayyenta maza biyu. Tun wata Sallah da suka yi faɗa a kan ƙahon rago suka daina magana. Babban ya ce ba zai taka Owendo, inda ƙanensa yake zaune, ba, ƙaramin ya ce shi da Nkembo, unguwar yayansa, har abada. Da mahaifiyarsu ta daina ɗaga wayarsu daga Maraɗi, suka yarda su haɗu duk inda lissafi ya nuna.

"Malama, nan fa ruwa ne," in ji babban.

"Yaya, ga jadawalin nan, duba da kanka," in ji ta.

Kowa ya hau kwalekwalensa cikin babbar riga, kuma babu wanda ya iya iyo. Da igiyar ruwa ta taso, babban ya cafko wuyan ƙanensa.

"Don Allah kada ka sake ni!"

"Yaya, ai ni ma kai na riƙe!"

A bakin gaɓa, malamar ta mayar da alamar ragewar da ta goge da gangan daga lissafin. Layukan suka miƙe kafaɗa da kafaɗa, ba su haɗu a ko'ina ba.