Ranar da Aka Kori Farfesa Ladan daga Zaure

Tun da aka yi wa kowane shahararren masani na'urar da ke amsa tambayoyi da sunansa da muryarsa, Farfesa Ladan bai ƙara leƙa zauren fiziks na intanet ba.

Yau da hantsi ya sa matarsa Dije ta buɗe masa zauren, don tsufa ya hana shi rubutu da kansa.

"Rubuta musu na yi kuskure a bincikena kan haske. Shekara da shekaru ina koyar da abin da ba daidai ba."

Ta rubuta. Nan take na'urar ta amsa da muryarsa ta ƙuruciya, har da gyaran muryar nan tasa: "Wannan bawan Allah bai fahimci aikina ba."

Ɗalibai suka yi masa caa. Wani ya ce ya ji tsoron Allah, ya daina satar sunan Farfesa. Kafin azahar an kore shi, ba damar rubutu sai dai sauraro.

"Malam, in kashe?" in ji Dije.

Ya kasa kunne, na'urar tana ta yi wa ɗalibai bayani.

"Bar shi ya gama. Haka nake magana a da, Dije?"

"Haka kake," ta ce, sannan ta ɗan ƙara sautin.