Hoton Mafitsarata

Tun da likita a Azare ya ce sai na je Abuja a ɗauki hoton mafitsarata, jikina ya ba ni akwai matsala a gaba. Na ɓoye wa iyalina ciwon, na ce musu ta'aziyya zan je.

A can wani saurayi mai farar riga ya yi mini allurar maganin da na'ura ke gani a cikin jiki. Ya ba ni ruwa na sha har marata ta cika, sannan ya zaunar da ni gaban na'urar.

"Baba, yanzu za ku yi fitsari, na'ura tana ɗauka."

"Kana tsaye a kaina?"

"Dole in duba, Baba. In aka jinkirta, sai an sake daga farko."

Ƙofa a rufe, wandona a ƙasa, zufa tana karyo mini. Fitsari ya ƙi zuwa. Na yi ta gaya wa kaina cewa yaron nan bai san ni ba, ba kuma zai ƙara ganina ba. Da haka na samu na yi.

Bayan na dawo gida, 'yata Rahama, wadda ta yi bautar ƙasa a Abuja, ta aiko uwarta ta gaya mini mai neman aurenta zai zo gaisuwa. Na sa babbar riga, na zauna a zaure.

Ya cire takalmi, ya durƙusa, kansa a ƙasa.

"Ina wuni, Baba?"

Mai farar rigar nan ne.

Har yau ban sani ba ko ya gane ni, ko kunya ce ta hana shi ɗaga kai.