Farin Gari a Dutsen Rumawa

Tun da aka kafa dokar gyaran rubutu, takarda kan kwana da magana ɗaya ta tashi da wata. Har sunan marigayiyar 'yar Tabawa an shafe. Shi ya sa duk Juma'a Tabawa take zuwa gidan tarihi, wurin dutsen kabarin da Rumawan zamanin da suka sassaƙa. Ba ta iya karanta shi, amma shi dai ba ya canzawa.

Yau ta shafa shi kamar kullum, sai ta janye hannu.

"Ɗanjuma," ta ce wa mai gadi, "me aka rubuta nan?"

"Soja ne, Inna. Ya mutu yana gode wa hukuma."

"Bara ka ce mini uwa ce ke kukan 'yarta."

"Ni? Ban taɓa faɗa ba." Ya saci kallon kyamarar da ke sama. "Dutse ne fa. Wa zai taɓa shi?"

Tabawa ta dubi yatsunta. Farin gari ne a kai, irin wanda ke zuba in an koɗa dutsen niƙa.

Ɗanjuma ya miƙo mata gefen rigarsa, ya rage murya. "Goge, Inna. A ƙofa hannu suke dubawa."