Zakara a Jikin Jar Ƙofa

Babana bakanike ne a Zuru, kuma ya daɗe yana haɗa wata tsohuwar mota a bayan gida da tarkacen da yake samowa wajen masu sayar da tsofaffin ƙarafa. Injin na wata Fijo ne, kujerun na bas, fitilun ma ba su zo ɗaya ba. Ƙofar direba kaɗai ta rage.

Wata ranar Asabar da la'asar ya dawo da ita ɗaure a bayan babur, ja ce, ta lotsa ta tsakiya. Ya ce in riƙe masa ya ɗaure noti. Ina riƙewa sai idona ya faɗa kan wani zakara da aka karta da ƙusa a ƙasan mariƙin.

Na ce, "Baba, ai ƙofar motar Kawu Danladi ce. Ga zakaran da na zana, har ya ja mini kunne."

Mu yara an ce mana Kawu ya tafi aiki Legas. Baba ya duƙa ya shafa zanen, sifana ta suɓuce daga hannunsa.

"Baba, in ƙofarsa tana nan, da me ya tafi?"

"Ba Legas ya tafi ba. Motar ta kife da shi a hanyar Ribah. Mun binne shi."

Baba ya gama motarsa amma bai sa jar ƙofar ba, ya yi shekaru yana tuƙa ta babu ƙofar direba. Duk gari dariya ake yi masa. Ni har yau ban iya yin dariyar ba.