Baitocin Elkanah, Fatar Lemuel

Ranar Talata, 14 ga Maris, 1775, Elkanah Thayer mai yin kyandir ya dawo daga maɗaba'ar birnin Hartford na Amurka da kwafi ɗari biyu na ƙasidarsa, ya ɓoye su ƙarƙashin buhunan kitse. Shafi takwas ce, rabi zube rabi baitoci. Kamar yadda marubutan zamanin suka saba, bai sa sunansa ba. Sunan aro ya sa, wai Tsohon Manomi.

A farkon watan ne haramcin shan shayin Ingila, wanda masu adawa da mulkin Ingila suka kafa, ya fara aiki, kwamitin garin kuma yana bi gida gida. Elkanah ya ji a mashaya wai shugaban kwamitin, Kyaftin Obadiah Stroud, yana rufe tagogi ya sha nasa. Bai gani ba, bai bincika ba. Amma zancen ya zauna daidai a baiti, shi kuwa ya daɗe yana jin haushin Kyaftin.

Elkanah ya riƙa sakin kwafin a ɓoye. Kafin Lahadi, har masu wanki a bakin kogi suna rera baitocin. Kyaftin ya rantse sai ya ga marubucin, ya ce ba mai yin wannan sai ɗan koren Sarkin Ingila. Mutum ɗaya aka sani da tsara baiti a garin: Lemuel Haskins, malamin makaranta, yayan Tabitha matar Elkanah, wanda ke rubuta wa mamata waƙar ta'aziyya.

Lemuel ya biyo shagon Elkanah da hantsi, a gajiye, ya zauna kan ganga. Ya ce iyaye sun fara janye 'ya'yansu. Sannan ya yi murmushin yaƙe.

"Abin da ya fi ci mini rai, Elkanah, baitocin guragu ne. Ni zan yi irin wannan kwaɓar?"

Elkanah ya ci gaba da tsoma lagwani a kitse, ya ce ƙura ce, za ta lafa.

Tabitha ta riga ta ga abin da ke ƙarƙashin buhunan. Bayan fitar yayanta ta ce, "Maigida, ka je ka faɗa musu. Kai tara za su ci ka, shi suna neman fatarsa."

Ya ce gobe. Da goben ta zo ya tuna shagon, ya tuna yara huɗu, ya sake cewa gobe.

Ranar kasuwa aka fito da Lemuel daga aji. Mutanen gari suka tuɓe shi, suka shafe shi da kwalta mai ɗumi, suka juye masa gashin dinya, suka ɗora shi kan gungumen shinge suka zaga gari da shi cikin sanyin da bai gama sakin ƙasa ba. Wani na tsokana, "Malam, ƙara mana baiti ɗaya!" Elkanah yana tsaye a ƙofar shagonsa. Ya buɗe baki, ya ga yawan mutanen, ya rufe.

Tabitha ce ta sa man kitse tana ɗaye kwaltar daga jikin yayanta, fata na biyo ta. Sanyi ya kama ƙirjin Lemuel, bai ƙara tashi ba. Da yaƙi da Ingila ya ɓarke a watan Afrilu, gari ya riga ya manta da ƙasidar, an kuma binne malamin ba wanda ya tsara masa ko baiti ɗaya.

Mai karatu, kada ka rubuta a kan mutum abin da ba ka tabbatar ba. In kuwa ba za ka iya sa sunanka a ƙarƙashin magana ba, to kada ka sake ta, domin wani ne zai amsa ta da jikinsa.

Elkanah ya rayu har 1809. Tabitha ta ci gaba da dafa masa abinci, amma ba ta sake zama teburi ɗaya da shi ba.