Ƙwaya a Jinin Jaririya

Yarinyar ta ƙi barci, ta ƙi shiru. Jiki zafi zau, ƙirji na dukan tara-tara, 'yan hannuwanta sai karkarwa suke. Direba ya sungumi 'yarsa sai asibiti, ko takalmi bai tsaya nema ba. Matarsa da surukarsa suka rufa masa baya.

Bayan gwaji likita ta fito fuska ba walwala. Ta ce akwai ƙwaya a jinin yarinyar, irin wadda ake afawa don a kori barci da gajiya.

Ai kuwa surukar ta yi kansa. "Na faɗa! Mai hali ba ya fasa halinsa. Ka yar da gubarka a ƙasa, jikata mai rarrafe ta tsinta!"

"Wallahi, Mama, na daina."

Ya daina ɗin kuwa, tun ranar da zuciyarsa ta buga yana kan sitiyari, ya farka a gadon asibiti, ba mota ba aiki. Amma wa zai yarda da tsohon ɗan ƙwaya? Shi kansa sai ya fara shakkar kansa. Aljihun tsohuwar rigarsa fa? Ƙarƙashin katifa fa? Ko wata ce ta gangara bayan kabad ya manta?

Ya saci kallon matarsa, tausayinta ya kusa kashe shi. Baiwar Allah, tun da ya zauna ita ta ɗauki gidan. Ga ɗinki, ga wankau, ga girki, ga goyo, maƙwabta har tsokanarta suke wai ita ba ta san gajiya ba. Duk ta rame ta ƙanjame. Tana jingine da bango tana cizon leɓe, ta kasa haɗa ido da shi. Bai ga laifinta ba.

Da likita ta sake fitowa, sai ya zube a gabanta, hawaye shaɓe-shaɓe. "Ni ne, likita. A kira 'yan sanda, a ɗaure ni, a dai ceto min ita."

"Tashi, malam. Muna iya ƙoƙarinmu, saura sai addu'a. Amma ba tsintar ƙasa ba ce. Kullum take samu, kaɗan-kaɗan, har ta taru a jikinta."

Ta juya wajen matarsa, ta sassauta murya.

"Daga yau kada ki sake ba ta nono."